Tanadin Kuɗi Domin Ranar Ciwo

A cikin jawaban da suka wuce mun yi muku magana a kan sauro, da ruwan sha, da tsabtar gida, da abincin yara. Yau kuwa maganarmu a kan kuɗi ce. Watakila wani ya ce, ina ruwan ma'aikatan lafiya da aljihun mutane? To, akwai ruwansu ƙwarai. Ku tambayi ko wane malamin asibiti, zai gaya muku da yawa daga cikin marasa lafiyan da a ke kawowa a makare, iyayensu sun san hanyar asibiti sarai. Abin da ya tsare su gida shi ne babu ko kwabo a hannu. Yaro ya kwana uku yana zazzaɓi, uba yana yawon neman rance, kafin a haɗa kuɗin mota da na magani jinin yaron ya ƙare. Ciwon da za a warkar da ƴan ƙwayoyi ran farko, ran huɗu sai da ƙarin jini da kwanciya, kuɗinsa ya ninka, kuma ran yaron yana cikin hatsari.

Saboda haka tattalin kuɗi wani reshe ne na kiwon lafiya, kamar tafasa ruwan sha da kwana cikin gidan sauro. Ba kuwa maganar attajirai za mu yi ba. Da kai mu ke, manomi, da mai shayi, da tela, da ɗan dako, da ke uwargida mai ƙosai ko mai kitso.

CIWO BA YA SALLAMA

Bisa lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin ko wace Naira 100 da a ke kashewa a kan magani a Nijeriya, fiye da Naira 70 daga aljihun mara lafiya da danginsa ta ke fitowa, a ranar da ciwon ya zo. Watau yawancinmu ba mu da wata garkuwa sai abin da ke hannunmu.

Ku lura kuma, kuɗin ciwo kashi uku ne, amma mutane ɗaya kawai su ke tunawa. Na farko shi ne wanda kowa ya sani: kati, da awon jini, da magani, da gado. Na biyu shi ne kuɗin hanya, da abincin mai jinya, da kai da komo tsakanin gida da asibiti. Na uku, wanda ya fi cin mutane a ɓoye, shi ne aikin da ya tsaya. In maigida ya kwanta mako biyu a tsakiyar damina, ciyawa ba za ta jira shi ba. In uwargida ta tare asibiti da yaro, kaskon suyarta ya huta, masu saye sun koma wajen wata.

Har wa yau akwai wani abin lura ga mutanen ƙasarmu. Zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, wajen watan Agusta zuwa Oktoba. Gudawa da amai ma lokacinsu ke nan, sa'ad da ruwan sama ya kwashi ƙazanta ya zuba cikin rijiyoyi. Wannan kuwa shi ne daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗi sun tafi wajen taki da ƙwadago, sabon hatsi bai iso ba. Ciwo da talauci tare su ke zuwa, ko wace shekara, a watanni guda. Abin da a ka san lokacinsa kuwa, ana iya shirya masa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

ASUSUN CIWO

Abu na farko da mu ke roƙon ko wane gida ya yi shi ne ya ware asusu guda wanda sunansa asusun ciwo. Kada a gama shi da kuɗin cefane, ko na jari, ko na Salla, ko na biki. Kuɗin da ba shi da suna kowa ubangijinsa ne. Da baƙo ya zo, ko mai tallan zane ya yi sallama, sai ya tafi. Amma kuɗin da a ka ce na ciwo ne, mutum ya kan ji nauyin taɓa shi.

Nawa za a riƙa sakawa? Abin da ba zai hana gida cin abinci ba, amma kullum. A ce mai shayi ya ware Naira 200 ko wace rana kafin ya ƙirga ribarsa. A wata ya tara Naira 6,000. A shekara ya tara Naira 73,000. Naira 200 ba ta kai kuɗin goro ko sigarin da waɗansu ke sha a yini ba, amma da yayyafi kogi kan cika. Asirin abin shi ne a fitar da na asusu tun da fari. Wanda ya ce sai abin da ya ragu da dare zai ajiye, ba abin da zai ragu.

Mai albashi ya ware nasa ran da albashi ya shigo, kafin ya biya kowa. Manomi kuwa, da ya ke kuɗinsa sau ɗaya ya ke zuwa a shekara, sai ya ware nasa da kaka. Ran da ya kai gyaɗa ko wake ko riɗi kasuwa, ya cire rabon ciwo tun a bakin ma'auni, kafin maganar aure ko ginin ɗaki ta taso.

Har yaushe za a yi ta tarawa? Ku auna da gidanku. Matakin farko shi ne a tara abin da zai ɗauki mara lafiya daga ƙofar gida zuwa babban asibitin da ya fi kusa, ko da tsakar dare ne, ya biya awo da maganin kwana biyu ko uku. In an kai wannan, sai a nufi mataki na biyu, watau abin da zai ciyar da gida wata ɗaya in mai nema ya kwanta. Wanda Allah ya buɗa masa ya kai wata uku. In an taɓa asusun don ciwo, ai aikinsa ya yi, babu baƙin ciki. Sai a fara mayarwa da an sami sauƙi.

Akwai kuma ciwon da ke aiko da saƙo tun da nisa. Ciki yana ba da sanarwar wata tara. Ran da uwargida ta tabbata tana da juna biyu, ran nan ya kamata a fara tanadin haihuwa, a san motar wa za a kira, a san asibitin da a ke yin aiki in haihuwa ta gardama, a kuma san ƴan'uwan da za su iya ba da jini. Abin kunya ne a ga gida ya ɗaure ragon suna tun wata na bakwai, amma ran naƙuda babu kuɗin mota. Rago yana iya jira, jinin da ke zuba ba ya jira. Haka kuma mai hawan jini ko ciwon sukari ya san maganinsa na kullum ne. Sai ya sa kuɗinsa cikin lissafin wata kamar kuɗin hatsi, kada ya sha wata guda ya bari wata biyu.

Maigida, ka sanar da iyalinka inda asusun ya ke da yadda za a fitar da shi. In kai ne ka faɗi, ba ka iya magana, kuɗin da kai kaɗai ka san wurinsa daidai ya ke da babu.

ADASHI

Adashi tsohuwar dabara ce ta iyayenmu, kuma tana da kyau. Mutum 10 su riƙa zuba Naira 2,000 ko wane mako, ko wane mako ɗayansu ya kwashi Naira 20,000. Amfaninsa shi ne yana tilasta mutum ya zuba, gama kunyar abokan zubi ta fi ƙarfin kwaɗayin ciki, kuma yana haɗa wa talaka dunƙulallen kuɗin da zai sayi akuya ko keken ɗinki.

Amma ku sani adashi ba ya haihuwa. Abin da ka zuba shi za ka kwasa. Kuma kwasarka tana da ranarta, ciwo kuwa ba ya duba ranar kwasa. Don haka adashi ba zai maye gurbin asusun ciwo ba, sai dai ya taimaka masa. In za ku yi, ku yi da waɗanda kuka san gidajensu da sana'arsu. Uwar adashi ta riƙe littafi, ko wane zubi a rubuta a gaban mai shi. Ku yi sharaɗi tun ran farko cewa in ciwo mai tsanani ya sami ɗayanku, za a iya ba shi kwasa kafin ranarsa. Waɗansu ƙungiyoyin mata suna ƙara ɗan abu kaɗan bisa ko wane zubi, su tara shi dabam don gudummawar ciwo da haihuwa. Wannan dabara ce mai kyau ƙwarai, muna so ta yaɗu.

INA ZA A AJIYE?

Kuɗin da ke ƙarƙashin katifa yana da abokan gaba huɗu: ɓarawo, da gobara, da gara, da hannun mai shi. Akwai na biyar wanda ba a ganinsa, shi ne tsadar kaya. A watan Disamba na 2024 ofishin ƙididdiga na ƙasa ya ce farashin kaya ya hau da kusan kashi 35 cikin 100 cikin shekara guda. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya binne Naira 100,000 a tukunya a ƙarshen 2023, da ya tono ta bayan shekara takardunsa suna nan cif, amma abin da za su saya bai wuce kashi uku cikin huɗu na abin da za su saya a dā ba. Ba wanda ya shiga ɗakinsa, amma an ɗauke masa rubu'in dukiyarsa.

Waɗansu kuma sun tuna abin da ya faru sa'ad da Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022. A farkon 2023 masu tsofaffin takardu a gida suka shiga ruɗani, masu kuɗi a banki kuma suka yi ta layi ba su sami tsaba ba. Darasin da ke ciki shi ne kada a tara duka a wuri guda. Ku raba asusun ciwo biyu. Ɗan kaɗan, wanda zai biya mota da maganin daren farko, ya zauna gida a kulle. Sauran ya tafi banki.

Mutane da yawa suna tsoron banki, suna cewa in ya karye fa? Tambaya ce mai ma'ana, ga amsarta. Akwai hukumar Gwamnatin Tarayya da a ke kira NDIC, wadda a ka kafa a 1988, aikinta lamunce kuɗin masu ajiya. A shekarar 2024 ta ɗaga lamuninta zuwa Naira miliyan 5 ga ko wane mai ajiya a manyan bankuna, da Naira miliyan 2 a ƙananan bankunan talakawa masu lasin. Da a ka soke lasin bankin Heritage a watan Yuni na 2024, ta wannan hanya a ka biya ƙananan masu ajiya. Ajiyar talaka ba ta cika kai wannan adadi ba, watau dukanta tana cikin lamuni. Sai dai lamunin na bankunan da Babban Banki ya ba lasi ne kaɗai. Kafin ka ba ko wane gida kuɗinka, ka tambaya yana da lasin Babban Banki, yana kuma ƙarƙashin NDIC?

Wanda ba ya son kuɗin ruwa saboda addininsa, shi ma an yi masa hanya. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 bisa tsarin da babu ruwa, daga baya waɗansu suka biyo, kamar TAJ da Lotus. Su ma suna ƙarƙashin lamunin nan.

Buɗe ƙaramin asusu a yanzu ba shi da wuya, da lambar BVN ko ta NIN da lambar waya a ke yi. Amma ga gargaɗi guda wanda mu ke so ku haddace kamar sunanku: lambar sirrin katinka, da lambar da banki ke aiko maka ta waya don tabbatar da ciniki, ba a gaya wa kowa su. Ma'aikacin banki na gaskiya ba zai taɓa kiranka ya tambaye ka su ba. Duk wanda ya tambaya ɓarawo ne, ko da ya san sunanka da na garinku.

TAIMAKEKENIYAR LAFIYA

Akwai ciwon da ya fi ƙarfin asusun gida guda, kamar aikin tiyata ko karaya ko doguwar kwanciya. Maganin wannan shi ne gidaje da yawa su haɗa ƙarfi. Kowa ya zuba kaɗan tun yana lafiya, wanda ciwo ya faɗa wa a yi masa magani daga abin da a ka tara. Shi ne a ke kira inshorar lafiya, ko taimakekeniya. Kamar gayya ce: yau an taru a gonarka, gobe a gonar wani.

Gwamnatin Tarayya ta fara shirinta a 2005, amma ya fi amfanar ma'aikatanta. A 2022 a ka yi sabuwar doka wadda ta kafa hukumar NHIA, ta kuma ce ko wane mazaunin ƙasa ya kamata ya shiga. Jihohi suna da nasu hukumomi, kamar ta Jihar Kano da a ke kira KSCHMA, kuma suna karɓar ƴan kasuwa da masu sana'ar hannu, ba ma'aikata kaɗai ba. Ban da wannan, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kula da lafiya a matakin farko, kuma daga cikinsa a ke yi wa waɗansu marasa galihu rajista kyauta.

Ku je ofishin hukumar jiharku ku yi tambaya uku. Nawa a ke biya a shekara? Wane asibiti za a ba ni? Waɗanne cututtuka ne ke ciki, waɗanne ne ba sa ciki? Ku nemi amsa a rubuce, ku kuma karɓi rasit. Kada wanda ya shekara bai yi ciwo ba ya ce ya yi hasara. Ya sami lafiya, kuɗinsa kuma ya warkar da ɗan wani. Ko da kun shiga, kada ku rushe asusun ciwo, gama inshora ba ta biyan kuɗin mota, ba ta ciyar da gida.

JUYA ABIN DA YA RAGU

In asusun ciwo ya tsaya da ƙafafunsa, sa'an nan ne a ke maganar juya kuɗi don ya haihu. Kada a juya da kuɗin ciwo, don shi aikinsa ya zauna kusa, a same shi cikin sa'a guda.

Jarin da ya fi dacewa da talaka shi ne sana'ar da ya sani. Tela ya ƙara keke, mai niƙa ya gyara injinsa, mai ƙosai ta sayi wake da buhu maimakon da kwano. Bayan wannan sai kiwo. Akuya wata biyar ta ke ɗaukar ciki, kuma ta kan haifi biyu. Rago in an saye shi da wuri a ka yi masa kiwon turke, ya kan ba da riba da Babbar Salla. Amma dabba tana ciwo, tana mutuwa, ana sace ta. Sai a yi mata allurar rigakafi wajen malamin dabbobi, a kuma lissafa kuɗin dusa da harawa kafin a ce an ci riba. Kada kuma turken ya zama kusa da rijiya ko madafa.

Ajiyar hatsi ma hanya ce. Galibi hatsi yana araha da kaka, yana tsada da bazara da damina. Manomin da matsi ya sa ya sayar da kaka, shi ne ke komawa ya saya da tsada a watan Yuli. Asusun ciwo yana tsare shi daga wannan. Mai ajiye wake ya nemi buhun nan mai riɓi uku da a ke kira PICS, wanda ke kashe ƙwari ta wurin hana su iska. Kada a barbaɗa wa abin da mutane za su ci maganin ƙwarin gona, gama guba ce, ta sha hallaka mutane. Ku sani kuma farashi ba kullum ya ke hawa ba. A 2025 hatsi ya sauka a kasuwannin Arewa, masu ajiya da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Kada mutum ya zuba duk abin da ya mallaka a abu guda, kada kuma ya ci bashi don ya yi ajiya.

Wanda ya ke so ya ba Gwamnati rance, akwai hanya biyu. Tun watan Maris na 2017 Ofishin Kula da Basussuka na ƙasa ya fara sayar da takardun ajiya na ƙananan masu jari. Ana farawa daga Naira 5,000, wa'adinsu shekara 2 ko 3, ana biyan ruwa ko wane wata uku, a ƙarshe a mayar da uwar kuɗi. Hanya ta biyu ita ce Sukuk, wadda babu ruwa a cikinta. Na farko an yi shi a watan Satumba na 2017, na Naira biliyan 100, wa'adin shekara 7, a ka gina hanyoyi da shi a sassan ƙasa shida. Mai Sukuk yana da rabo ne a cikin hanyar, Gwamnati tana biyansa haya sau biyu a shekara. Dukansu ta hannun bankuna ko dillalan hannun jari masu rajista a ke saye. Ba sa mai da mutum attajiri, kuma a shekarar da kaya suka yi tsada ƙwarai abin da su ke bayarwa ba ya cim ma tsadar, amma sun fi tukunya nesa.

MASU ZAMBA DA MASU RANCE

Yanzu mun zo ga ramin da ya fi cinye tanadin talakawa. Wani zai zo, ko saƙo ya shigo ta waya, a ce ka kawo kuɗinka, bayan wata guda a ba ka da ƙarin kashi 30 cikin 100. Maƙwabcinka zai rantse maka an biya shi, kuma gaskiya ya faɗa, an biya shi. Da kuɗin wa? Da kuɗin waɗanda suka shiga bayansa. Babu gona, babu masana'anta, babu fatauci. Ana ɗaukar na Audu ne a ba Garba, a ɗauki na Tanko a ba Audu, har ran da sababbin shiga suka yi ƙaranci, sai a rufe ƙofa. Irin wannan zamba ta yi suna tun 1920, sa'ad da wani mai suna Charles Ponzi ya yi ta a birnin Boston na Amurka. A ƙasarmu MMM ta yi wannan alkawari na kashi 30, ta rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016. A watan Afrilu na 2025 wata mai suna CBEX ta rushe da kuɗin jama'a. Suna ya kan sake, dabarar guda ce.

Ku yi lissafi da kanku. Naira 10,000 in tana ƙaruwa da kashi 30 cikin 100 ko wane wata, ana mayar da ribar ciki, a shekara guda ta zama wajen Naira 233,000. A shekara biyu ta haura Naira miliyan 5. In da akwai sana'ar da ke yin haka, mai ita zai bi gida gida yana roƙon Naira 10,000 ɗinka? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Alamominsu uku ne. Suna alkawarin riba mai yawa, tabbatacciya, babu faɗuwa. Suna ba ka lada in ka kawo wani. Suna gaggauta ka, wai gobe za a rufe. In ka ga ko ɗaya daga cikin ukun nan, riƙe aljihunka. Takardar rajistar kamfani kaɗai ba shaida ba ce. Mai karɓar jarin jama'a sai da iznin hukumar SEC mai kula da hannun jari. Kuma wanda ya jawo ɗan'uwansa ciki, ran da abin ya rushe ya yi hasarar kuɗi da zumunci gaba ɗaya. Likitoci kuwa sun san abin da baƙin ciki irin wannan ke yi wa mai hawan jini.

Ɗan'uwan mai zamba shi ne mai rance da ruwa mai nauyi. A ce ka karɓi Naira 20,000 a kan ruwan kashi 20 cikin 100 ko wane wata. Ko wane wata za ka biya Naira 4,000, cikin wata biyar ka biya daidai abin da ka ranta, uwar kuɗin kuwa tana nan ba ta motsa ba. Masu ba da rance ta waya waɗansunsu sun fi haka muni. In ka makara sai su aika wa duk wanda lambarsa ke cikin wayarka da saƙon cin mutunci, har hukumar kare hakkin masu saye ta kai wa waɗansunsu samame a Legas a 2022. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma in tilas ta sa, a fara da dangi, ko ƙungiyar gama kai, ko abokan adashi. A rubuta, a sa shaidu, a faɗi ranar biya, a kuma cika.

ABIN DA BA A BIYA

A ƙarshe, kuɗin da ya fi sauƙin tarawa shi ne wanda ba a kashe ba. Alluran rigakafin yara kyauta ne a asibitocin Gwamnati. Maganin tarin fuka kyauta ne, wata shida a ke sha. Da damina ma'aikata suna bi gida gida da maganin rigakafin zazzaɓi na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya ko wane wata. Ku buɗe musu ƙofa, ku kuma ba yaro sauran ƙwayoyin na kwana biyu da suka bar muku. Gidan sauro guda ya fi jinyar zazzaɓi ɗaya araha. Saurayi da budurwa su yi awon jini kafin a sa rana, gama in dukansu suna da AS, ko wane ciki yana da hatsarin ɗaya cikin huɗu ya zo da ciwon amosanin jini, wanda jinyarsa ta rai da rai ce. Kada kuma a sayi magani a tire cikin rana don araha. Maganin jabu sau biyu a ke biyansa, na farko wajen mai talla, na biyu a asibiti.

To, jama'a, abin da mu ke so ku yi a daren nan kaɗan ne. Maigida ya zauna da uwargida, su yanke abin da za su riƙa warewa ko wace rana, ko Naira 100 ce, su sami gwangwani ko akwati mai kulle, su sa na farko yau. In mako ya zagayo, ɗayansu ya je ya tambayi maganar taimakekeniya a asibitin da ya fi kusa. Don tuwon gobe a ke wanke tukunya.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan yadda a ke gane maganin jabu da yadda a ke ajiye magani a gida. Allah ya ba mu lafiya da abin kula da ita. Mu kwana lafiya.